Uban da aka dawo da shi a littafi na biyu

Makon jiya na gama littafi na biyu na wani labarin matasa, irin mai aljanu da garuruwan da babu su a duniya. Na saye shi ne don Ummi, 'yar yayana da ya rasu bara a hanyar Maigatari. A littafin farko mahaifin jarumar ya mutu. A na biyu marubuciyar ta dawo da shi da ransa, wai dama sihiri ne ya ɓoye shi. Ba zan ce bai yi daɗi ba, wataƙila ma ya fi na farko. Amma na kasa miƙa wa yarinyar.

Sai na riƙa tuna kakarmu Iya, a Ɗanzomo. Bayan sallar isha'i takan zauna gefen murhu ta juye mana gyaɗa a faifai, kuma sai mai ɓara ke da izinin sauraro. Akwai tatsuniyar wani makiyayi da guguwa ta ɗauke a bakin rijiya, ƙanwarsa ta bi sawunsa har garin aljanu. Ta daɗe tana yi musu daka, ƙarshe suka sallame ta da sandarsa kawai. Nan Iya ta rufe.

Washegari muka naɗe hannu, muka ce ba ma ɓara sai ta dawo da shi. Ta ce gyaɗar ba ta sauri, ita ma haka.

"Ni ban iya dawo da mutum ba," in ji ta. "In kuna so, in gaya muku wanda ya shayar da shanun da safe."

Haka ta ci gaba. Ƙanwar ta koyi kiran shanun, wata saniya ta ƙi ta har damina, daga baya ta saba. Mun ji haushi, amma mun ɓare gyaɗar.

Na girma ina ganin Iya ce da gaskiya, ƙila har yanzu haka nake gani. Sai dai ita ta binne 'ya'ya kafin ta kai ga wannan maganar, Ummi kuwa shekararta sha uku. Jiya na daure na gaya mata abin da ke cikin littafin, na ce in ba ta so sai in ajiye.

"Gwaggo, na san Abba ba zai dawo ba," ta ce. "Ki bari in ga nata ya dawo."

Na ba ta. Ban tabbata na yi daidai ba, amma na fara zargin tsoron nawa ne, ba nata ba. Ni ce na kasa wuce shafin da mahaifin jarumar ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama.