Ɗan layin da na gyara

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ina buga tafireta a wani ofishin aikin gona a Birnin Kebbi. Ba yabon kai ba, hannuna yana da tsabta. Malamar da ta koya mini bugu da rula take bin yatsunmu, kuma abu biyu ta dasa mini game da layi. Karan ɗori yana manne da kalma ta gaba da ta baya. Dogon layi kuwa a ba shi fili hagu da dama. Duk layin da ya saɓa wa haka, ƙazanta ne.

Sai aka kawo kwamfuta biyu, ɗaya wurinmu, ɗaya ofishinmu na Argungu. Ta Argungu aka damƙa wa wani dattijon akawu da duk muke kira Baba, bayan injiniyanmu ya yi mako biyu yana koya masa. Aikinsa ya fitar da sunayen manoman fadama da za a ba irin shinkafa kafin ruwa ya sauka.

Littafin umarnin na'urar kwafi ɗaya ne, ita kanta ta buga shi a doguwar takarda mai huji a gefe. Oga ya ce in sake buga shafi takwas a gurza a injin kwafi a aika wa Baba. Da na duba, raina ya ɓaci. Ko'ina sai ka ga kalma, fili, sannan ɗan layi manne da harafi guda, kamar kaska a kunnen akuya. Ba karan ɗori ba, ba dogon layi ba. Na ce lallai wanda ya tsara wannan bai taɓa shan rula ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba su fili hagu da dama. Inda umarni ya yi tsawo, na raba shi da karan ɗori a ƙarshen layi. Shafukan suka fito tsaf, har oga ya buga musu hatimi.

Mako uku sunaye ba su fito ba. Manoma suna zarya, oga yana faɗa, har aka fara cewa Baba ya tsufa da aikin, a mayar da shi sito a Augie. Shi da shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya a garinsu Argungu.

Ranar da injiniya zai je dubawa, aka haɗa ni da shi in kai wasu takardu. Muka tarar da Baba zaune gaban na'urar, shafukana a kan cinyarsa, yatsa ɗaya a kan layi, ɗaya yana neman harafi.

"Ɗiyata, kin gani," ya ce mini. "Abin da anka rubuta shi nika bugawa, ko ɗigo ban bari. Ita ko ta ƙiya. Da hwari hannuna na son shi manne layin ga da harahi, awa yadda anka koya min, sai in ce a'a, takarda mai hatimi ta hi ni sani."

Injiniya bai ko kalli takardar ba. Ya ja kujera, ya buga daga ka, firinta ta hau kuka, sunaye suka yi ta zubowa. Ni kuwa ina bayansa, idona a kan allon. Ga kaskar nan, manne da harafinta.

Nan take na gane gyarana ne ya jawo, amma na ɓoye. Tsoro ne, ba wani abu ba. Da za mu tafi Baba ya rako mu, yana ce wa injiniya, "Laihina ne. Aikin yarinyag ga kau, ba a samun irinai."

Sai da muka wuce Ambursa a hanyar komawa na iya buɗe baki na faɗa wa injiniya. Ya yi dariya, ya ce ai wancan ba layin rubutu ba ne, alamar ɗebewa ce. Na ce me ake ɗebewa? Ya ce ba komai, na'urar ce take gane umarni da ita. Na ce to a tafireta maɓalli ɗaya ne ke buga duka ukun. Ya ce a kwamfuta ma haka. Na ce to ta yaya mutum zai bambance? Ya ce da sabo. Har yau wannan amsa ba ta shige ni ba.

Washegari na shiga wurin oga na faɗa masa komai. Ya saurara yana juya biro, ya ce in gyara shafukan, maganar Baba kuwa ta riga ta je Sakkwato, an sa hannu. Sannan ya miƙo mini wata takarda da rubutun hannunsa, ya ce kwafi uku, kafin azahar.

Takardar canjin wurin aikin Baba ce. Na zauna na buga ta, babu kuskure ko ɗaya.