Kwana Tara da Aka Ɓoye Mini Rasuwar Mahaifina

Ko zan yi shekara ɗari a duniya, ba na jin zan manta da abin da ya shiga tsakanina da dattijon da ya riƙe ni a Katsina.

Daga Damagaram na ƙetaro karatun aikin jinya. Mahaifina ya damƙa ni a hannun amininsa, wani Alhaji mai sayar da fatu a Ƙofar Kwaya, wanda suka yi fatauci tare tun ba a haife ni ba. Alhaji ya ba ni shagon ƙofar gida, ya ce da Hajiyarsa, "Ga ɗa Allah ya ƙara mamu."

Amma zaman gidan wani, sai wanda ya yi shi. Hausa ɗaya muke yi, duk da haka in na ce zan tafi lakwal maimakon makaranta, sai samarin gidan su tuntsure da dariya. A gidanmu kwano ɗaya nake ci da mahaifina, a nan kuwa shago ake aiko mini in ci ni kaɗai. Na ɗauka wariya ce. Sai da na girma na gane karrama baƙo suke yi.

Ana cikin jarrabawar ƙarshen shekara, sai gidan ya sauya mini. Alhaji ya yi tafiyar kwana biyu, da ya dawo ya fara kirana zaure mu ci tare, yana turo mini nama gabana. Samarin suka daina tsokanata. In na shiga gaida Hajiya, sai ta amsa kanta a sunkuye. In na buga waya gida, mahaifiyata ta ce, "Babanka ya ɗan kwanta, kai dai ka yi karatu." Ni kuwa har murna nake, wai sai yanzu aka karɓe ni.

Ranar da na rubuta takardar ƙarshe, na biyo ta hasumiyar Gobarau sai na yi kiciɓis da wani direba ɗan unguwarmu ta Damagaram. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Ban gan ka wajen sadakar bakwai ba."

Na ce, "Wane Malam?"

Ya saki hannuna, ya dafe baki. Nan na gane.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da Alhaji a zaure da baƙi uku bayan la'asar, na faɗa ko sallama babu.

"Kwana nawa?"

Ya dube ni, ya ce, "Zauna, ɗana."

"Na ce kwana nawa?"

"Yau tara."

Sai na faɗi maganar da har yau take ƙona ni. Na ce, "Kar ka ƙara ce mini ɗanka. Wanda ya haife ni yana cikin ƙasa, kai kana turo mini nama ina ci ina dariya. Allah ya isa tsakanina da kai."

Ɗaya daga baƙin ya yunƙura zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ku ƙyale shi, yana da gaskiya. Allah ya ba ka haƙuri."

Washegari na kama hanyar gida ban yi wa kowa sallama ba. Can mahaifiyata ta warware mini komai. Mahaifina ne, yana kwance, ya kira Alhaji a waya ya sa shi ya yi alkawarin ba zan ji ba sai na gama jarrabawa. Ta ce, "Tafiyar da Alhaji ya yi, nan ya zo ta'aziyya. Ya zauna yana kuka, yana roƙona in bar shi ya faɗa maka. Ni na hana."

Da hutu ya ƙare na koma Katsina, amma kunya ta hana ni taka Ƙofar Kwaya. Na raɓe a ɗakin abokai. Kullum in ce Juma'a mai zuwa zan je in durƙusa. Wata huɗu ina Juma'a mai zuwa, har aka aiko mini Alhaji ya rasu.

Da na shiga yi wa Hajiya gaisuwa, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Sai yau? Ya yi ta cigiyarka. Ya bar sallahu, in ka zo in roƙe ka ka yafe mashi."

Shi da na yi wa Allah ya isa a gaban baƙinsa, shi ne ya tafi yana neman yafiyata.

Har yau ban yanke ko ɓoye mini da aka yi daidai ne ba. Abin da na sani shi ne, mai baƙin ciki ya riƙe bakinsa har ya ji yadda aka yi. In kuma ya riga ya faɗa, ya je ya nemi gafara a ranar, don wanda ya ɓata wa ba lallai ya kai Juma'a ba.