Ƙarar Motar Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san sallama kawai yake amsawa, sauran gaisuwa sai ya gama sauraren motarka. Kana fakawa a ƙofar gidansa a Old Trafford zai ɗaga maka hannu: "Kar ka kashe, buɗe bonet." Sai ya zaro doguwar sukudirebar nan daga aljihun jallabiya, ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin karatu. Sai ya gama zai ce, "Ya iyali? Baƙin manka ya yi ƙasa."

Ƙanen mahaifiyata ne, injiniya mai ritaya, a gidansa na sauka da na zo karatun jami'a a ƙasar Turawa. Ba shi da gareji. Kunne gare shi, sai taurin kai.

Kun dai tuna ranar da ya tare Dokta Mansur, likitan unguwarmu, bayan an sauko Juma'a. Ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce, "Dokta, motarka na ƙas-ƙas."

"Haba Alhaji, bara fa na saye ta sabuwa."

"Jarirai ma ai ana kawo muku asibiti."

Aka zaro ƙarfen awon mai, ga shi a bushe ƙayau. Kawu ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, "Kullum kana ce mana mu sha ruwa, ga taka motar na mutuwa da ƙishirwa."

Sai Sagir, mai PhD ɗin nan na Withington. Ya zo ido ya raina fata, wai ya karanta a internet, engine ɗinsa ya tafi. Kawu ya ce, "Ƙarar nan, totur take bi, ko taya?" Aka taka totur mota na tsaye, shiru. Aka ja ta a hankali, sai ƙas, ƙas, ƙas. Kawu ya durƙusa, ya sa mukulli ya ɓamɓaro tsakuwa daga tayar gaba, ya damƙa masa a hannu. "Ga injin naka. Ka sa a thesis."

Ni kuwa na taɓa kiransa daga wurin hutawa a babban titin M6, na fara bayani tiryan-tiryan. Ya katse ni: "Nasiru, ba muryarka nake son ji ba. Kara mata wayar." Haka na tsaya cikin yayyafi ina riƙe wa mota waya, Turawa na wucewa suna kallona. Can ya ce, "Da sanyin safiya take yi, in ta ɗau zafi ta daina, ko? Gasket ɗin wuyan salansa ne ke yoyo. Ba za ta kashe ka ba. Ka yi sallar azahar?"

Abin dariyar, tsohuwar jar motarsa ta fi ta kowa ƙara. Tun daga kwanar layi ake jin ta. In muka ce, "Kawu, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi," sai ya ɓata rai. "Tafet ɗin cikin inji ne ya saki, ba ya cutar da kowa. Wanda ya taɓa min shi ban yafe ba." Mu duk mun ɗauka taurin kan ne kawai.

Da ya rasu, matarsa Anti Rabi ta bar garin, ta koma wurin 'yarta a Erdington, ta bar min motar da sukudirebar. Kewarsa ta dame ni, wallahi, na rasa abin da zan yi masa bayan addu'a. Sai wata Asabar na buɗe murfin injin, na saita tafet ɗaya bayan ɗaya yadda ya koya min. Na tayar, ta yi luf. Na kira Anti na ce gobe ina tafe da motar Kawu, ban gaya mata na gyara ta ba, wai ni mai ba da mamaki.

Na faka, na ƙwanƙwasa ƙofa har sau biyu kafin ta buɗe.

"Jirgin ƙasa ka biyo?"

"A'a Anti, ga motar nan. Na gyara ta. Ko ƙas ba ta yi."

Ta leƙa ta kalli motar, ta koma ta zauna a kujerar bakin taga.

"Tun safe nake nan ina jiran in ji ta," ta ce. "Shekara da shekaru, in na ji ta daga kwanar layi nake ɗora shayi, kafin ya cire takalmi ya tafasa. Shi ya sa Alhaji ya hana a taɓa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fita, na jira inji ya huce, na ɗauko sifana na ɓata gyaran da hannuna. Na zagaya layin na dawo, tana bakin taga.

"Ta yi kusa," ta ce. "Amma tasa ta fi nauyi."

Na sake buɗewa, na sake sassautawa, na sake zagayawa. Sau uku. Na manna sukudirebar a kunne har kunnen ya yi zafi, amma kunnen ba nasa ba ne. A zagaye na ukun ban same ta a taga ba. Na shiga, sai ga ta ta fito daga kicin tana share ido da gefen mayafi.

"Bar shi haka, Nasiru. Ba ita ba ce, amma na ɗora. Zauna ka sha."

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya ba Anti Rabi haƙuri, ya sada su a Aljanna.