Bari Takarda Ta Dawo

Kawu Gado ne ya kashe mini sana'a. Da wannan zan fara, don wurin zaman makokinsa kowa yabo yake yi, babu wanda ya ambaci tukwanena. Shekara da shekaru ina zuba tukwanen alminiyam a Dogon Dutsi, daga Matankari har Tibiri da aikin hannuna ake tuƙa tuwo, sai ga yayan uwata da cokali ɗaya ya rushe komai.

Kun dai san cokalin nan. Kullum yana aljihun gaba tare da 'yan ledoji. Kawu ba ya gaisawa sai ya duƙa ya ɗebi ƙasar ƙofar gidanka, ya ƙulle, ya rubuta sunanka, sannan ya ce, "Ina kwana?" A Yamai ya yi aiki, a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, wurin wata na'ura mai haska ƙasa da irin hasken da likita ke ganin ƙashi da shi. Ni a aji huɗu na bar lakwal, amma na gane wannan: na'urar tana faɗin kowane ƙarfe da ke cikin ƙasa, ko da bai kai ƙwayar gero cikin buhu ba. Da ya aje aiki ya dawo gida, sai ya riƙa aika ledojinsa wurin tsofaffin abokan aikinsa, su auna, su aiko masa da takarda. Ka tambaye shi ko damina za ta yi kyau, ko miyar Inna Dije matarsa ta yi daɗi, amsar ɗaya ce: "Bari takarda ta dawo."

Ga rowa, kai jama'a! Bai taɓa biya wa ledojin nan mota ba, cikin kayan matafiya yake cusa su. Akwai amaryar da ta isa ɗakinta a Yamai, aka buɗe kwallarta gaban dangin miji, aka tarar da laka ta rijiya bakwai.

Ranar jana'izar ladanin unguwarmu kuwa, ana cikin ginar kabari sai muka ga Kawu ya dira ramin. Muka ɗauka baƙin ciki ne, har liman ya fara ba shi haƙuri. Ashe cokali ya fiddo.

Liman ya ce, "Subhanallahi! Mushe Gado, mi kake yi?" Mushe muke ce wa ɗan boko, daga Faransanci.

"Malam, ina zan samu wanda zai gina mini rami mai zurfin wanga a banza?"

Har da ni aka yi dariya, ban san layi zai zo kaina ba.

Ɗiyata Rabi tana shekara uku ta kama ciwon ciki, ba ci ba ƙiba, kullum kuka. Dangin uwarta suka ce doguwa ce, a nemo baƙar akuya. Kawu ya shigo ya ce, "Ku bar akuya ta ci ciyawarta." Ya ɗebi ƙasar tsakar gida, nan inda nake narka tarkacen mota da 'yar dalmar tsohon batir don tukunya ta yi nauyi, nan kuma Rabi ke wasa tana kai hannu baki. Ya kankare gindin tukunya ɗaya, ya fita.

Takarda ta dawo ranar kasuwa. Mai hankali zai ja ka gefe ne. Kawu kuwa amalanke ya hau tsakiyar kasuwa, ya sa tabarau, ya karanta da Faransanci tukuna don a san ya yi boko, sannan ya kware baki: "Dalma! Tukunyar Arzika da dalma, ƙasar gidansa da dalma! Guba ce!"

"Kawu, don girman Allah sauko mu yi magana."

"Ba ni ke magana ba, ɗan ƙanwata, haske ne."

Kafin la'asar mata sun yi layi suna mayar mini da tukwane. Wata har da sauran tuwon jiya a ciki.

Bai bar ni haka ba. Kashegari ya zo da shebur, na aro ba nasa ba, ya sa na kwashe ƙasar gidan duka, zurfin taƙi guda, na kai bayan gari na binne, na ɗebo sabon rairayi. Shi yana inuwa kan kujerata, yana cin gyaɗata, yana cewa, "Ka manta wancan lungun." Sannan ya saɓa Rabi a kafaɗa ya kai ta wurin likita. Ranar kaɗai na ga Kawu ya biya mota, zuwa da dawowa.

Yau albasa nake sayarwa, ni da nake maƙeri. Rabi kuwa ta wuce ajin da na tsaya, tana gyara mini karatu.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je gaishe shi da hantsi. Cokalin yana nan kan tabarma kusa da kansa. Ya dube ni ya ce, "Arzika, ka yahe mini tukwanen?"

Na ce, "Kawu, ka tozarta ni gaban kasuwa, ka mai da ni mai warin albasa. Batun yahiya, bari takarda ta dawo."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna Dije ta rugo da ruwa tana zagina. Da ya lafa na kama hannunsa, na ce, "Na yahe, tsoho mai taurin kai. Allah shi sa ƙasar da za ta ruhe ka ta yi maka sanyi. Allah shi miƙa maka taka takardar a hannun dama."