Ranar da Baba Ƙwanƙwasa Ya Hau Babban Lilo

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙwanƙwasa ya yi yana walda a shago ɗaya, tsakanin mai faci da mai aski, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗora jikinsa a kan ƙarfen da bai gwada ba. Yana da wata 'yar guduma da tsawonta bai wuce na cokali ba, da guntun alli a bayan kunne. Duk inda ya ga an haɗa ƙarfe da ƙarfe sai ya ɗan buga, ya karkata kai ya saurara. In ƙarar ta fito tas, ya ce madalla. In ta fito a dakushe, ya ja layi da alli, ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi aikin nan yunwa yake ji. Daga nan ya samo sunan, har ya danne na yanka.

Ya ƙwanƙwasa gadon asibiti ranar da aka kwantar da shi, da ledar ruwa a hannunsa. Ya ƙwanƙwasa kujerun haya ranar da ɗansa Auta ya karɓi digiri, baƙi na tsaye suna jira. Cewa yake kowane mai walda da rubutun hannunsa. Nasa jeruwa yake yi kamar ɓawon kifi, a ƙarshe ya ɗan lanƙwasa wutsiya zuwa hagu, domin shi bahago ne.

Mutum ɗaya ce a duniya ke juya shi: jikarsa 'yar shekara shida, wadda yake kira Amarya, ita kuma tana ce masa Ango. Ranar da za a cire mata haƙori ta rufe baki gam, likita ya yi lallashi har ya gaji. Daga tagar ɗakin ana hango babban lilon wurin wasa, mai kama da tayar keke, yana juyawa a hankali. Baba ya nuna shi ya ce in ta buɗe baki, ran Asabar shi da kansa zai hau da ita har can ƙoli.

"Ka rantse," in ji ta ta tsakanin haƙora.

Ya rantse. Ta buɗe baki. Sai da aka jefa haƙorin a kwano sannan ya sake duban lilon da kyau, ya ga yawan mahaɗar ƙarfen da ke jikinsa.

Da Asabar ta zo, matarsa Mama ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗaga hannu."

"Haba, ni ɓarawo ne?"

"Ɗaga dai. Yau ba za ka ba mu kunya a gaban mutane ba."

Ta laluba aljihu huɗun da ke jikin rigarsa ta fita unguwa, ta zare allin bayan kunne. Ba ta duba safa ba. Gudumar na cikin ta hagu, wani allin na cikin ta dama, shi ya sa ya taka har tasha yana ɗingishi, yana cewa sanyin ƙashi ne.

Auta ma ya biyo su. Wata bakwai ke nan da gama jami'a, aiki bai samu ba, kuma ba ya fita ko sayen burodi sai da fayil ɗin takardunsa, wai mutum bai san inda zai haɗu da babban mutum ba. A ƙofar shiga wurin wasan aka aike shi sayo askirim, ya miƙa wa Baba fayil ɗin ya riƙe masa. Mama ta ja Amarya zuwa banɗaki. Aka bar Baba shi kaɗai, da riga mai aljihu huɗu, da tabarau mai igiya, da fayil a hammata, a gaban wasu manyan kofuna masu juyawa da yara a ciki.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam kowa ya shaida. Ya kalli sama. Ya kalli masu sayar da balan-balan. Amma kofi na uku duk lokacin da ya zagayo sai ya yi wani kuka, ƙiii, kamar yana kiran sunansa. Da aka tsayar domin yara su sauka, bai san sa'ad da ya sunkuya ya zaro gudumar ba. Ƙwan, ƙwan. Ya karkata kai. Ya yi tsaki, ya ja layi.

Mai kula da kofunan ya dubi allin, ya dubi fayil, ya dubi tabarau. Ya ja da baya a hankali, sannan ya arce.

Kafin Baba ya gama duba jirgin ƙasan yara, wani mai ƙaton ciki da rediyon oba-oba a hannu ya iso yana haki, ya kama hannunsa da hannu bibbiyu.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ni ne manaja. Ai da an sanar da mu hukuma za ta turo mai bincike."

"Wace hukuma? Ni mai walda ne."

Manaja ya yi dariya, ya kashe masa ido ɗaya. "Haka ne, ranka ya daɗe. Na bara ma cewa ya yi shi direba ne."

Ya juya baya ya yi raɗa a oba-oba. Nan take kofuna suka tsaya, jirgin ƙasa ya tsaya, motocin karo suka mutu a inda suke. Lasifika ta yi tari, ta ce ana ba jama'a haƙuri, an rufe babban lilo yau saboda gyara.

Daidai lokacin Mama ta dawo da Amarya. Yarinyar ta dubi lilon da ya daina motsi, ta dubi gudumar da ke hannun kakanta. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, ta wawulon ana ganin harshe.

"Ka rantse fa," ta ce. "Na fasa auren. Ka je ka auri gudumarka."

Mama kuwa safarsa kawai take kallo. Baba ya ji gumi yana gangaro masa ta ƙeya. A rayuwarsa an zage shi a kan ƙofa, an zage shi a kan taga, amma ba wanda ya taɓa cewa ya saɓa alkawari. Ya sake gaya wa manaja gaskiya, har ya nuna masa tabon tartsatsi a bayan hannu. Manaja ya ce lalle wannan karon sun turo ƙwararre.

Sai Baba ya gyara tabarau, ya maƙale fayil da kyau, ya yi gyaran murya.

"To tunda ka gane ni, me kake ɓoyewa a lilon nan da ka rufe shi?"

"Wallahi ba komai, ranka ya daɗe!"

"A kunna. Zan hau da kaina. Da iyalina."

Mama ta ce ita ƙafarta ba za ta bar ƙasa ba. Auta ya iso da askirim huɗu suna narkewa har gwiwar hannu, bai san abin da ake ciki ba, aka tura shi cikin wani ɗakin lilon tare da Baba da Amarya, aka ja sakata. Manaja ya leƙo ya ce za a tsayar da su a ƙoli domin oga ya duba a natse, in ya gama sai ya ɗaga fayil a sauko da su.

Lilo ya motsa. Rufin rumfuna ya yi ƙasa, Mama ta koma kamar murfin kwalba. Amarya na tsalle tana ihu. Auta ya zubar da askirim, ya rungume sandar tsakiya, ya rufe ido yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Baba kuwa ya zauna ɗofane, gudumar a hannunsa, domin yau ne karo na farko da ya ɗora nauyinsa a kan aikin wani ba tare da ya ji muryarsa ba. Aka kai ƙoli. Lilo ya tsaya, ɗakin ya yi gaba ya yi baya.

Ya ɗaga guduma zai buga kusurwar da ke kusa da gwiwarsa, sai ya tsaya. Ya matso da tabarau. Waldar ta jeru kamar ɓawon kifi, a ƙarshe ta lanƙwasa wutsiya hagu. Ya duba ɗaya kusurwar. Ya duba ƙofa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ai ni na yi wannan."

Auta ya buɗe ido ɗaya. "Kai, Baba? Alhamdu lillahi."

"Shekara tara ke nan. Wani ya zo da zane a takarda ya ce in yi masa guda goma sha biyu. Bai ce na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba." Ya shafa waldar da babban yatsa. "Ni duk a zatona kejin kaji ne."

Auta ya buɗe ɗaya idon.

"Kejin me?"

"Kaji. Har na ce masa ramukan sun yi faɗi, 'yan tsaki za su fice."

"Baba, kaza nawa ne nauyina? Baba, ɗaga fayil. Don girman Allah ɗaga fayil!"

Amma fayil na ƙarƙashin Amarya. Ta zauna a kai daram, ta harɗe ƙafa, ta ce ba mai sauka sai ta gano gidansu. Ta leƙa ta ramin da 'yan tsaki za su fice, ta tattara murya ta yi cara irin ta zakara, har mutanen ƙasa suka ɗaga kai. Auta ya ce zai iya lissafa nauyin da ƙarfen zai ɗauka, ya karanta a aji uku, amma duk lambobin sun gudu daga kansa.

"Rabu da lissafi," in ji Baba. "Ko na kaza ne, ni ban taɓa yin rabin aiki ba. Walda bibbiyu na yi wa kowace kusurwa, har mutumin ya ce na cika ɓata lokaci."

Ya jingina baya sosai, ya miƙe ƙafa, abin da ba a taɓa gani ya yi ba a wajen gidansa. Daga can ya hango titinsu, da tulin tayun mai faci, da rufin shagonsa wanda ashe ya yi tsatsa haka.

"Ango," in ji Amarya, "ba za ka ƙwanƙwasa ba?"

"Wannan na ƙwanƙwasa shi tun ba a haife ki ba."

Ya mayar da gudumar cikin safa. Ta matso ta kama babban yatsansa, ta ce ta dawo da auren, amma da sharaɗin ba za a sauka yanzu ba.

Minti arba'in suka yi a sama kafin ta yarda ta ɗaga fayil da kanta. A ƙasa manaja na jira, rigarsa ta jiƙe. Baba ya ce masa lilo lafiya lau, a buɗe wa jama'a, amma kofi na uku kada a ƙara sa ɗan kowa a ciki, a kawo masa shi shago ran Litinin. Manaja ya ce ashe hukumar har shago gare ta. Baba ya ce tsakanin mai faci da mai aski.

Kofin ya zo ran Litinin a bayan a-kori-kura, kuma tsagewar na nan daidai inda allin ya nuna. Mama yanzu da safa take fara bincike. Auta kuwa an kira shi ganawar neman aiki a hawa na biyar, ya tsaya gaban lif, akwatin ƙarfen da ke kai mutane saman bene, ya daɗe yana kallon kusurwoyinsa, sannan ya bi matakala. Har yau in zakaran maƙwabta ya yi cara, sai ya kama abin da ke kusa da shi ya riƙe.