Na Rufe Kwamfutar 'Yata, Wani Ya Ɗauki Laifin

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, maƙwabciyata ce ma ke rubuta mini wannan. Shekara talatin na yi ina sayar da lemo a Zuba, kuma a lokacin ban yarda da kowa ba sai idona. Da ƙafafuna suka gaza, 'yata ta ɗauko ni zuwa gidanta a Kubwa. Aikin kwamfuta take yi a wata hukuma.

Wata Asabar da hantsi ta tafi ta'aziyya, ta bar kwamfutarta a buɗe a falo, ta ce kada a taɓa. Ina zaune sai na ga rubutu na ta gudu shi kaɗai, ga ɗan hoton wani namiji a gefe. Raina ya ba ni leƙen gidanmu yake yi. Na rufe ta, na lulluɓe da zane, sai da na ji ƙarar motarta ta dawo sannan na buɗe kwamfutar.

Ranar Litinin ta dawo ido ja. Ta yi mini bayani cewa aikin hawa-hawa ne, na farko ya gama ya miƙa wa na biyu wata lamba, na biyu ya miƙa wa na uku. A wannan karon na farko ya katse a tsakiya ranar Asabar, na biyu hannu wofi ya tashi, ya tura tsohon aiki, ma'aikata suka wuni ba su iya shiga tsarin kwamfutar hukumar ba. Ta ce abokin aikinta take zargi, mai hoton nan, don shi ne na ƙarshe da ya taɓa aikin. Na ce ai dama fuskarsa ba ta kwanta mini ba. Allah Ya yafe mini.

Mako uku na yi shiru. Rannan sai ga shi da matarsa, ya durƙusa ya kira ni Mama, ya ce in roƙa masa 'yata ta daina ganinsa maci amana. A gabansu na faɗi gaskiya. 'Yata ta ce ita ma da laifinta, da ba ta tsara aikin ya tsaya idan lambar ba ta iso ba. Amma an riga an ɗauke shi daga sashen, har yau bai koma ba.

Rufewar rashin sani ce, shirun kuwa da sanina na yi. 'Yan'uwana iyaye, abin da ba ku gane ba ku tambaya. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun kafin a nemo wanda za a ɗora wa.