Motocin da Yayana Ya Gyara da Yatsa Ɗaya

Assalamu alaikum. Da hannuna nake rubuto muku wannan, a hankali, domin ban daɗe da iya haɗa baƙi ba. Inda na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Lokacin da abin ya faru ni magidanci ne da furfura ta fara tsiro wa. Ina noma da damina, da rani kuma ina sayar da rake a bakin titi kusa da gada, a nan Wudil. Ban yi boko ina yaro ba, sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a Sabon Gari. Mutane suna cewa ina da haƙuri. Yanzu na gane rabin haƙurin nan nawa gudun hayaniya ne kawai.

Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, bakanike ne. Tun da na yi wayo a ƙarƙashin mota nake ganinsa. Wata ranar kasuwa hawan jini ya kayar da shi a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da Allah ya kawo sauƙi, baki ya dawo, ƙafa ta fara takawa, amma hannu ya ƙi. Likitar da take yi masa gashi ta ce hannun bai mutu ba, barci yake yi, amma in ba a tashe shi da wuri ba zai sandare. Ta ce kullum a miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da ta ji sana'arsa sai ta ce a kawo masa noti daga gareji ya riƙa ɗaurawa yana kwancewa da hannun. Ta gargaɗe mu cewa zai ji zafi, zai yi faɗa, kada tausayi ya hana mu.

Faɗa kuwa ya yi shi. Ni nake zuwa da safe in ja masa yatsun kafin in fita da rake. Yakan ce hannuna kamar na mai sassaƙa turmi, ko kuma ya tambaye ni ko rake na ɗauka yatsun nasa. In noti ya suɓuce masa sai ya shure kwanon gaba ɗaya. Matarsa ta rame, 'ya'yansa suka daina zama a tsakar gida. Ni ma in na doshi ƙofar gidan sai in ji kamar in juya.

Kusa da teburin rakena akwai mai shagon cajin waya. Wata rana na gan shi ya duƙufa a kan wayarsa, na leƙa, sai ga injin mota a buɗe. Ya ce gem ne, wato wasan cikin waya: ka sayi akwalar mota a gwanjo, ka kwance ta, ka sauya abin da ya lalace, ka yi mata fenti, ka sayar. Nan take Yaya ya faɗo mini a rai. Na sa ya tura mini, na kai masa. Da farko ya ce in kwashe kayan yarana in ba shi wuri. Amma da ya ga ina neman ɗaura taya ban sa birki ba, sai ya fizge wayar da hannun hagu, ya ce ko a cikin waya ba zai zuba ido in kashe mutane ba. Ranar nan na ji dariyarsa, abin da ban ji ba tun da ya kwanta.

Daga nan gidan ya yi shiru. Aka sa masa gem ɗin a tasa wayar, yana gyara motoci da babban yatsan hagu tun safe. Bai daɗe ba ya ƙure shi, ya ce in nemo masa wani irinsa. Malaminmu na aji ya rubuta mini kalmomin Turanci da zan danna, na riƙa kwaikwayonsu harafi bayan harafi. Na gano cewa a ƙasan kowane gem waya tana jero wasu masu kama da shi, kuma mai taurari da yawa ya fi kyau. Sai na zama mai zaɓa masa. Na kawo masa na gyaran babur, ya ce wannan aikin yaran gareji ne. Na kawo na wankin mota, ya tambaye ni ko na ga ya yi kama da mai soso. Na tuƙin tirela ya ɗan riƙe shi, sai dai ya ce titunan ciki sun yi sumul da yawa, a kawo wanda ya ƙirƙiro shi ya bi hanyar Lajawa da damina. Wanda ya fi so shi ne wanda ake ba ka kangon gareji ka tayar da shi, masu motoci suna layi. Ya fara kirana Injiniya, da zolaya, amma daɗi nake ji. Duk tsawon rayuwata ni ke zuwa wurinsa da buƙata. Wannan ne karo na farko da ɗan karatuna ya yi masa amfani.

In na zo jan yatsu sai ya ce in dakata ya ƙarasa wata mota, mai ita yana jira. In yi dariya, in zauna ina kallo, rana ta yi, in tafi kasuwa. Kwanon noti ya koma ƙarƙashin gado. Matarsa ta tare ni a soro ta ce, Malam, hannun nan fa kullum ƙara dunƙulewa yake yi. Na ce mata ta bar shi ya samu sanyi a ransa, ai kwanciyar hankali ma magani ce. Ranar komawa asibiti ta zo ya ce ba ya jin daɗi, muka ɗaga. Ta sake zuwa, muka sake ɗagawa. Ina gani da idona hannun damar ya zama abin da yake jingina waya a kai, yana kwance a cinyarsa a dunƙule, har ina yaba masa dabara.

Sai bayan girbi muka koma. Likitar ta kama yatsun za ta buɗe, ya yi ƙara, suka ƙi. Ta tambayi abin da yake yi da wuninsa, matarsa ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce kawai lokacin da hannun ya fi jin magana ya wuce, za a ci gaba da gashi, wataƙila ya ɗan saki, amma mu cire rai da sake riƙe sifana.

Da muka dawo na goge duk gem ɗin da ke wayarsa. Ya daina yi mini magana, in na gaishe shi sai ya juya fuska bango. Na ci gaba da zuwa ina jan yatsun. Da ya gaji, wata safiya ya ce in daina sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata, shi ba yaro ba ne, ya san abin da yake yi. Ya ce a cikin wayar nan ce kawai babu mai ce masa sannu. A can mota ake kawo masa a ce gyara, a nan kuwa kowa ya shigo sai sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na mayar masa da gem ɗin garejin nan guda ɗaya, da sharaɗin kullum sai an gama gashi. Har yau a haka muke, kullum da ciniki.

Ban ce gem haramun ne ba, kuma wanda ya tambaye ni mai kyau na gyaran mota zan iya faɗa masa. Amma ina jan kunnen duk mai jinya. Jinya tana gajiyar da mutum, har ya kai abin da yake nema ba warkewar marar lafiya ba ce, shirunsa ne. Ni shirun na nema, na same shi, na kira shi sauƙi. In kuka ba majinyacinku abin ɗebe kewa, ku duba da kyau: shi ake hutarwa, ko ku? Faɗan da yake yi muku lokacin magani ku jure shi, yana wucewa.

Yanzu Yaya yana takawa zuwa masallacin Juma'a da sanda. In an idar mutane suka zo gaisawa, sai ya jingina sandar a jikina, ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya miƙa musu.